Faifan da Aka Ce na Bankwana Ne

Mu uku ne a ƙungiyar kiɗanmu: Wadih mai waƙa da jita, Lamis mai jitar bes, sai ni Jumana mai ganguna. Ba kamfanin da ya ɗauke mu. A wani ɗakin ƙasa a unguwar Burj Hammud muka naɗi faifanmu na farko, ana ɗauke wuta muna zagin janareta. Ni dai na sa rai faifan nan ne zai riƙe mu tare a Beirut, garin da kowa ke haɗa jaka zai bar ƙasa.

Da safe muna wajen mai burodin za'atar, wanda ake barbaɗa wa ganyen ƙamshi da riɗi, sai sharhin faifan ya fito. Wanda ya rubuta ɗan jaridar nan ne mai bakin tsiya, ko uwarsa ce ta yi waƙa sai ya samo mata aibu. Na buɗe waya ina karantowa.

Mutumin ya yabe mu. Wai an daɗe ba a ji kiɗan rok mai gaskiya irin wannan a Lebanon ba. Wai ganguna kamar ana buga ƙofa da gaggawa.

Na ce, "Kun ji ko? Ni ce mai buga ƙofar. Wadih, yau kai za ka sayi shayi."

Bai yi dariya ba. Na ci gaba, har na kai inda aka rubuta: "Abin takaici shi ne faifan na bankwana ne, don mawaƙin ya shaida mini ƙarshen bazara zai koma Montreal."

Na sake karantawa. Kaina ya ɗaure, na dubi Wadih.

"Wane mawaƙin? Muna da wani ne ban da kai?"

Wadih ya sunkuyar da kai. "Na so in gaya miki, 'yar'uwa. Kullum na buɗe baki sai in tarar kina tsara mana faifai na biyu."

"Sai ka gaya wa ɗan jarida. Ashe shi ne ɗan'uwanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ya fi yawa. Na juya wajen Lamis don ta taya ni faɗa. Baiwar Allah tana ta tsince riɗi daga kan burodinta.

"Ke ba ki ji abin da ya yi mana ba?"

"Na sani tun kafin mu fara naɗi," in ji ta a hankali. "Ni ma takarduna na Berlin sun fito. Shi ya sa muka matsa a gama."

Sai a lokacin na gane dalilin da muryar Wadih ta karye a waƙar ƙarshe, shi da Lamis suka ƙi a sake ɗauka. Baƙo ya saurara ya ji bankwana. Ni da na kaɗa kowace waƙa a ciki, ni kaɗai na shiga ɗakin naɗin nan ina zaton farawa muke yi.