Makulli a Bakin Mayafi

"Siddiƙa, wai an tayar da sallah ne? Ku buɗe mini mana, zan rasa jam'i."

Ta taga Baba Sada yake yi mini magana, hannuwansa biyu riƙe da ƙarafunan da aka gitta mata. Ya sha farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ga wani baƙin hayaƙi yana zirarowa ta saman kansa yana hawa sama. Ni kuma ina tsaye a lungu ba takalmi, ƙullun alala duk a hannuna, don ƙaurin roba ne ya fito da ni daga madafa a guje.

"Baba, ina Inna Hasana?"

"Ta tafi barka," in ji shi, ya yi tari. "Ta ce yanzu za ta dawo. Ke, wa yake ƙona shara da tsakar rana haka?"

Na san abin da tafiyar Inna Hasana take nufi. Ƙofar gidana da tagar ɗakinsa suna kallon juna, lungu ne kawai a tsakani, kuma duk unguwa ba wanda bai san halin da tsohon yake ciki ba. Tun bara tsufa ya fara ruɗa shi. An taɓa tsinto shi a hanyar Zango yana tafe da fartanya, wai zai je gonar da aka sayar tun ban yi aure ba. An kuma taɓa samo shi wajen rijiyar Kusugu yana tambayar mutane hanyar gidansu. Daga nan matarsa ta fara kulle shi in za ta fita, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta. Ba mugunta ba ce, ni shaida ce. Tsohuwar da take tauna masa goro da bakinta ba za a ce ba ta son sa ba.

Na faɗa gidan ina kwarma ihu. Rabi mai kitso ta fito, sai Firdausi amaryar gidan kusa da su, sai wasu mata uku ko huɗu da goyo. Namiji ko ɗaya babu. Lokacin huɗuba ne, maza da samari har da 'yan ga-ruwa duk suna masallaci, muna jin muryar liman ta lasifika tana tashi tana sauka.

Ɗakin ciki da falo ne. Ta tagar falon da ke kallon tsakar gida muka leƙa, muka ga bokitin roba ya narke ya kwanta a ƙasa, hitar dafa ruwa tana ciki ta yi jawur, wuta ta kama gindin labule tana hawa. Daga baya muka ji yadda aka yi. Da safe Inna Hasana ta jona hitar za ta ɗuma masa ruwan wanka, aka ɗauke wuta, ta juye ruwan a tukunya ta ɗora a murhu, ta bar hitar a jone cikin bokiti. Kwana da kwanaki ba mu ga wutar lantarki da tsakar rana ba a unguwar nan, sai ranar aka ga damar kawo ta.

Firdausi ta yi wayo, ta ruga wajen mita ta zare fis. Ni da Rabi muka ɗauko tabarya muka hau ƙofa.

Ƙofar nan kuwa na san tarihinta. Ɗansu Jibril, da yake aiki a Kaduna, shi ya rushe tsohon soron ubansa mai azara da ƙyauren katako, bayan ɓarayi sun shiga wasu gidaje a unguwar. Ya gina na bulo, ya sa silin na roba mai ƙyalli, ya sa aka yi wa tagogi ƙarafuna masu kaurin babban yatsa, aka dasa su cikin siminti. Ƙofar kuma ta ƙarfe ce, irin wadda in an murza makulli sanduna suke shigewa cikin bango. Ranar da aka gama har shiga muka yi kallo, muna ta sa masa albarka. Ni da bakina na ce wa maigidana ya ga yadda 'ya'yan kirki suke yi, kuma ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya kira mai waldan ya yi mana irin tagogin.

Muka daki ƙofar har tafin hannuna ya fashe. Ko loɓawa ba ta yi ba, sai ƙara kamar ana dukan ganga.

"Ku kira ta a waya!" in ji Rabi.

Firdausi ta kira. Muka kasa kunne. Sai ga ƙarar wayar tana tashi daga cikin falon. Ta bar ta a caji tana jiran a kawo wuta. Na kira maigidana, a kashe. Rabi ta kira nata, tana shiga ba a ɗauka. Lambar 'yan kwana-kwana kuwa ba wadda ta taɓa sanin akwai ta a cikinmu. Muka tura wata mai ƙarfin ƙafa ta bi Inna Hasana, amma gidan barkar ma ba mu tabbatar da wanne ba ne, haihuwa biyu aka yi a dangin a makon.

Muka kwashe ruwan randa da na jarkoki muna watsawa ta taga. Rabin ruwan ƙarfe da wayar sauro suke tarewa, ya dawo mana a jiki. Wutar ta gama da labule ta kama kujera.

A lokacin Firdausi ta hango wata jar tukunya a rataye a baranda, bayan wani tsohon kwando. Ita ma Jibril ne ya kawo ta, ya kafa ƙusa ya rataye, ya ce ta kashe gobara ce, ya koma Kaduna. Ba wanda ya tambaye shi yadda ake yi da ita, shi ma bai tsaya nunawa ba. Inna Hasana tsoronta take ji, ko sharar wajen za ta yi sai ta kauce mata.

Firdausi ta sauko da ita da ƙyar, ta saita bakin a taga, ta matsa hannun. Bai motsa ba. Na karɓa na matsa da hannu biyu, na ɗora gwiwa, ko gezau. Akwai rubutu da zane a jikinta, amma ƙura ta rufe, ido kuma yana ta ruwa saboda hayaƙi.

"Ku rabu da abin nan!" in ji Rabi, tana ja da baya. "Wallahi ɗan'uwan tukunyar gas ne. In ya ji zafi ya fashe, duk mun tafi. Ga yara a bayanmu!"

Masu goyo suka watse. Ban ga laifin Rabi ba, ni ma a raina na yarda da ita. Firdausi ta ja tukunyar ta fita da ita, ta yar a kwata can bakin lungu, nesa da wutar.

Da falon ya gagari tsayawa, na koma lungu wajen tagarsa. Yana nan inda na bar shi, sai dai hayaƙin ya yi kauri, silin ɗin falo ya fara narkewa yana ɗiga, warinsa yana shaƙe maƙogwaro. Na yage wayar sauron da hannu, na jiƙa ɗankwalina na miƙa masa.

"Baba, toshe hancinka da wannan. Ka manna fuskarka a ƙarfen, ka shaƙi iskar waje."

Ya karɓa ya duba, ya miƙo mini. "Mayar da abinki, 'yar nan. Ya za ki tsaya a lungu kai ba ɗankwali?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na zura hannu na kama nasa. Rabi ta zo da tabarya ta sa tsakanin ƙarafunan, mu huɗu muka danna, tabaryar ta karye biyu. Muka ɗauko dutsen niƙa muna dukan gindin tagar, siminti yana ɓarewa kaɗan-kaɗan kamar ana ɓare gyaɗa. Da tsohon ginin ƙasa ne, da fartanya kaɗai ta ishe mu. Garin neman gira aka rasa ido, kuma ba wanda za ka kama ka ce shi ne, don kowa alheri ya nufa.

Ta lasifika muka ji an tayar da iƙama. Shi ma ya ji.

"An tayar," ya ce, muryarsa ta dushe. "Siddiƙa, takalmana suna bakin ƙofa. Hasana takan ɓoye mini su."

"Za a kawo, Baba. Riƙe ni dai."

Sai ya dube ni, kallon da ya daɗe bai yi wa kowa irinsa ba, idonsa tar kamar na Baba Sadan da na sani lokacin da aka kawo ni unguwar, mai raba wa amare dawa da kaka.

"Wuta ce ko?"

Na ƙara damƙe hannunsa.

"To," ya ce. "Kada ku bari a yi mata faɗa. Ni ne ba na zama wuri ɗaya."

Ya fara salati a hankali, tari yana katse shi. Liman yana karatu can, mu muna dukan bango nan, ni kuma ina jin hannunsa yana ƙara nauyi a cikin nawa. Na riƙe da iyakar ƙarfina har ƙarfen ya yanke mini damtse. Mutum ne ba wani jiki ba, amma da ƙafafunsa suka saki na kasa. Yatsunsa suka zame ɗaya bayan ɗaya, ya sulale ƙasan tagar inda ba na iya ganin sa. Na yi ta kiran sunansa cikin hayaƙin. A rayuwata ban taɓa jin ni ba komai ba ce kamar lokacin nan.

Ana sallame sallah lungun ya cika. Maza suka zo da diga da guduma, da fararen kayansu, suka fasa bangon ta ƙarƙashin tagar cikin ɗan lokaci, aikin da muka yi ta fama da shi da dutse. Maigidana da wani suka shiga suka jawo shi. Wuta ba ta taɓa shi ba ko kaɗan, rigarsa ce kawai ta yi baƙi. An sa shi a mota an nufi asibiti, amma duk wanda ya ga yadda kansa ya langaɓe ya san sai dai addu'a.

Motar kwana-kwana ta zo, wani ne ya kira su daga masallaci. Lungun bai ɗauke ta ba, a bakin titi ta tsaya, suka yi ta haɗa mesa har ta kai. Sun kashe wutar kafin ta tsallaka gidan su Firdausi.

Muna tsaye jiƙe sharkaf, babban 'yan kwana-kwanan, wani mai furfura a gemu, ya ga jar tukunyar a kwata. Ya ɗauko ta ya goge.

"Ta wane gida ce wannan?"

"Ta nan ce," in ji Firdausi. "Mun matsa ta ƙi. Lalatacciya ce."

Ya juya ta. A wuyanta akwai wani ɗan ƙarfe mai zobe, bai kai tsinken sakace tsawo ba. Ya sa yatsa ɗaya ya zare shi, ya matsa hannun. Farin gari ya feso da ƙarfi har bangon gidana.

Rabi ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Yallaɓai," na ce, "da mun zare, da ya tsira?"

Ya tambayi inda wutar take lokacin da muka ɗauko ta. Na ce a labule, ta fara kama kujera. Ya daɗe yana kallon tagar, ƙarafunanta suna nan cif, ko lanƙwasa ba su yi ba.

"Hajiya, kwana in ya ƙare ya ƙare," ya ce. "Amma irin tagar nan, ku ce wa mazanku a riƙa yi wa ɗaya maɓalli ta ciki, yadda za ta buɗu." Bai amsa abin da na tambaya ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ana cikin haka Inna Hasana ta shigo lungun a bayan babur. Tun kafin ya tsaya ta diro, tana kiciniyar kwance bakin mayafinta, ƙullin ya ƙi kwantuwa, tana ja da haƙori.

"Ga makullin! Ga shi nan, ku buɗe masa! Malam! Ku ba ni hanya!"

Aka rasa mai gaya mata. Ta wuce mu ta shiga gidan, muna jin ta tana ƙoƙarin zura makulli a ƙofar da ko taɓuwa ba ta yi don zafi.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Jibril ya iso washegari, ya tsaya gaban ramin da aka fasa a bango, ya dafa ƙarfen tagar, ya yi kuka kamar yaro. Na isar da saƙon Baba Sada gare shi da sauran dangi, kuma ba wanda ya yi wa tsohuwar faɗa. Da ma sun yi, ina jin da ya fi mata sauƙi.

A ɗakin da ya tsira na ƙarshen gidan take takaba. Ƙofar ƙarfen mai walda ya yanke ta, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun tafi da ita. Ni kuma na yi wa maigidana maganar tagoginmu, ya ce to, sai an ga bayan kaka. Har yau suna nan yadda suke, da su nake kwana da su nake tashi.

Jiya na kai mata kunu. Ta ce in zauna, ta jawo mayafinta za ta ba ni goro. Ta kwance bakin, ɓarin goron ya faɗo a tabarma, makullin ya biyo shi. Ta miƙo mini goron. Makullin kuma ta ɗauka ta goge shi da yatsa, ta mayar bakin mayafin, ta ƙulle sau biyu.