Majanyin Kaka

Shekara biyu 'ya'yan Kaka suna jinyar ciwon bayanta da kwanciya. Ko tsintsiya ta ɗauka sai a ƙwace. Da autarta ta haihu, Kaka ta ciro majanyin da ta goya 'ya'ya bakwai da shi, amma aka ce bayanta ba zai ɗauki goyo ba.

Sai da jikar ta fara rarrafe aka kai Kaka ajin motsa jiki a asibiti. Malamar ta ce, "Kaka, kwanciyar nan ce ta sangarta bayan. Durƙusa kan hannu da gwiwa, ki gantsare, ki saki."

"Yarinya, rarrafe za ki koya min? Na gama shi tun ba a haifi babanki ba."

Amma ta durƙusa. Tana ƙasa sai ta tuna ɗakinsu na haya, yara biyu sun haye bayanta suna sukuwa, marigayi mijinta ya tsayar da keken ɗinki yana dariya.

Kullum da safe ita da jikar suna rarrafe a tsakar ɗaki, jikar ce a gaba. A wata na uku malamar ta yarda da goyo, minti goma kacal. Kaka ta ɗora yarinyar, ta ja majanyi ta ɗaure.

"Inna, bayan fa?" in ji autar.

"Yana ɗan ciwo. Lokacinki ma ya yi, ban sauke ki ba."