Ranar da Maman Sani Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da shida ina ladanci a masallacin unguwarmu a Malbaza, kuma kiran asuba bai taɓa gajiyar da ni kamar ranar da liman ba ya nan ba. A irin wannan rana, kafin in ta da iƙama, ni ne zan juya in dubi sahu in ce wa wani, "Bisimilla, shiga gaba." Magana ce ƙarama, amma duk wanda ka kira ka ɗaga shi, duk wanda ka tsallake kuma sai ya riƙe ka a zuciya har sallar layya.

Kowa ya san wanda ya kamata in kira. Alfa Sumana, Bazabarme ne daga wajen Dosso, aikin kuran, wato wutar lantarki, ya kawo shi kamfanin siminti tun ina saurayi. Ya auri 'yar garinmu Hawa'u, Allah ya jiƙanta, ya gina gida bayan masallaci, ya aje aiki bai koma ba. Ya haddace Alƙur'ani tun kafin a sa shi lakwal, makarantar boko. Liman kansa in karatu ya kufce masa, muryar Alfa ce ke ɗora shi daga baya. Lasifikar da nake kiran salla da ita ma shi ya ja mata waya, bai karɓi ko goro ba. Duk da haka, a tsawon ladancina bai taɓa jan mu ko raka'a ɗaya ba.

Babu wanda ya hana shi. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar idona ya sauka kansa, sai Maman Sani ya buɗe baki.

Maman Sani Bagobiri ne, mai manyan motoci biyu na dakon albasa, ga zane fal a kunci, ga murya kamar ta mai shela. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa taubasantaka ce ta gado: ka faɗa wa taubashinka duk abin da ka ga dama, in ya yi fushi shi ne mai laifi. Su biyun sun riƙe wannan wasa kamar sana'a. Maman Sani ya ce Bazabarme yana iya jinginar da gona don kwanon zogale. Alfa ya ce zanen Gobirawa kyanwa ce ta yakushi kakansu sa'ad da ya je satar mata nono. In suka haɗu a bakin kasuwa har masu awo sukan dakata su saurara, ni ma na sha yin dariya har da hawaye. Kuma ba zan ɓoye ba, da ciwon ajali ya kama Hawa'u, Maman Sani ne ya bar lodi a tasha ya kai ta likita a Galmi, ya kwana uku a kan tabarma a ƙofar ɗakin. Ranar jana'iza shi ya fara shiga kabari.

To, shi wannan mutum, in na dubi Alfa, sai ya kira sunana ya ce, "Barmo, ji tsoron Allah! Bawana za shi ja ni salla? Bari in ɗiyauta shi tukun." Wata rana kuma ya ce, "Ku duba aljihunai, kada zogale shi zubo muna cikin ruku'u." Sai sahu ya kwashe da dariya, Alfa ya rama da abin da ya fi zafi, a sake dariya. Kafin hakan ta lafa wani ya riga ya tura Alhaji Rabo gaba. Alhaji Rabo dillalin hatsi ne, kakansa ya ba da filin masallacin, karatunsa kuma sai a hankali. Ni dai in ta da iƙama, a yi salla, a watse kowa na murmushi. Haka muka yi shekaru, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda aka yi wasan ke ƙarewa wuri ɗaya kullum ba.

Bana, bayan an kwashe albasa, aka ce za a yi wa liman aikin ido, zai yi kwana goma ba ya fita. Kwana biyu da tafiyarsa, da hantsi, Alfa ya zo rumfar da nake sayar da goro. Ya daɗe yana neman yadda zai zauna a kan benci. Da ya zauna sai ya ɗage wando ya nuna mini gwiwoyinsa, duk sun kumbura.

"Likita ya ce kahin damana in koma salla bisa kujera," in ji shi. "Kai ko ka sani, na zamne ba shi jan na tsaye."

Na ce Allah ya sawwaƙe.

"Barmo, sau guda nika so. Ba limanci nika biɗa ba, na tsuhwa. Sau guda, tun ƙahwahuna na ɗaukata."

"Ai Alfa, babu wanda ya hana ka," na ce. "Wasa na kawai, kai da abokinka."

Ya yi ɗan murmushi. "Na san wasa na. Shi as sa ban da bakin magana. In na ɓata rai a ce Bazabarme bai san gado ba. In na yi dariya, Alhaji Rabo shi shiga gaba. Na gaji da dariya, Barmo. Haƙoran ma sun ƙare."

Ya faɗi na ƙarshen ne don in yi dariya, na kuwa yi, sai daga baya kunya ta kama ni. Na ce masa la'asar ta yau tasa ce, in Allah ya yarda.

Na rufe rumfa na nufi inda Maman Sani ke aje motocinsa. Na same shi zaune a inuwar guda, ana canja mata taya, yana yi wa makanike surutu. Na ja shi gefe na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Shi ya aiko ka?" ya tambaya.

"Ni na aiko kaina."

"Shekara talatin muna abinmu, bai taɓa cewa ya ji ciwo ba. Wanga wasa kakanninmu sunka bar muna shi. Da shi anka hana mu yanka juna. Yanzu kai za ka koya min yadda zan yi da bawana?"

"Ku yi a kasuwa, ku yi a wurin suna, ku yi har gaban sarki. Ni dai yau da la'asar nika roƙo ka kama bakinka. Minti guda."

Ya dube ni, fuskarsa ta canja yadda ban saba gani ba. "Barmo, bar abin ga yadda shike."

"Don mi?"

"Na dai ce ka bar shi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa mutum ya kawo gwiwoyinsa ya nuna mini kamar mai bara, shi kuma yana nan yana tsaron barkwancinsa. Na ce in har abotar tasu ta gaskiya ce, shirun minti guda ba zai kashe shi ba. Na faɗi wasu maganganun ma da bai kamata a faɗa wa wanda ya girme ka ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To. Na yi shiru. Kai ka so."

La'asar ta yi, na kira salla. Zafi ake yi sosai, fanka ɗaya ce ke juyawa. Mutane sun kai arba'in, sahu uku. Alfa ya zo da farar riga sabuwar guga, har da turare, ya tsaya inda ya saba a sahun farko. Maman Sani na gefensa na dama. Na juya na dubi jama'a.

"Alfa Sumana, bisimilla. Shiga gaba."

Wallahi sai da kusan kowa ya waiwaya ya dubi Maman Sani, wasu har sun fara murmushi tun bai ce komai ba. Shi kuwa ya kafa ido a tabarma. Murmushin ya tsaya a fuskokin mutane, ba su san inda za su kai shi ba. Alfa ya ɗaga ƙafa ya yi taki ɗaya, ya yi na biyu a hankali saboda gwiwa.

"Ladan."

Alhaji Rabo ne. Bai ɗaga murya ba, kuma babu alamar wasa a tare da shi, don shi ba taubashin kowa ba ne a wurin.

"Ɗiyan gari sun ƙare na?"

Na ce, "Alhaji, ai Alfa ya hi mu karatu dukanmu."

"Ban musa ba. Karatu nashi na. Amma masallacin ga na masu gari na, kuma baƙo baƙo na ko ya shekara ɗari. Ba mu taɓa sa Bazabarme gaba ba, ba yau za mu hwara ba."

Na jira wani ya ce wani abu. A cikin sahun nan akwai waɗanda Alfa ya gyara wa wuta kyauta, akwai waɗanda ya koya wa 'ya'yansu baƙi da wasali, akwai ƙannen Hawa'u biyu. Wani tsoho a sahu na biyu ya gyaɗa kai. Wani ya ce, "Lokaci na tahiya." Sauran suka sunkuyar da kai. Ni ma da na yi ta cika baki a gaban Maman Sani, sai na ji harshena ya yi nauyi. Rumfar gorona a jikin shagon Alhaji Rabo take, kuma wannan ne ya fara zo mini a rai, Allah ya yafe mini.

Alfa ya tsaya tsakanin sahu da wurin liman. Ya juyo ya dawo, taki biyun nan, ya shiga gurbinsa ya daidaita kafaɗa da na kusa da shi. Alhaji Rabo ya wuce gaba, ni kuma na ta da iƙama. Na gode wa Allah da la'asar ce, karatun a ɓoye ake yi, don da magariba ce da sai Alfa ya gyara masa aya daga baya.

Da aka sallame mutane suka watse da sauri, ko musabaha ba a tsaya yi sosai ba. Na naɗe tabarmi na fito. Alfa na zaune a kan dakalin ƙofa yana kokawa da takalmi, Maman Sani na tsaye a kansa. Mu uku muka rage.

"Ka gani?" Maman Sani ya ce da ni. "Ka ga abin da nac ce ka bari? Tun shekarun da sunka wuce na ji su da kunnena, gidan Alhaji Rabo, suna shawarar kada a bar Alfa shi shiga gaba. Nac ce in dai za a tare shi, gara ni in tare shi, da dariya, shi rama, mu tashi babu wanda ya ji kunya. Da bakina ya hi da nasu."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa a nan take ya samo wa kansa dalili. Na sha ganin yadda yake jin daɗi in sahu ya kwashe da dariya saboda shi. Ina jin shi ma in aka rantsar da shi ba zai iya raba ɗaya da ɗaya ba.

Alfa ya gama sa takalmi ɗaya, ya huta, sannan ya ɗago.

"Wato ka sani."

"Na sani. Don kai ni yi, Sumana."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar.

"Na gode," in ji Alfa. Babu fushi a muryarsa, gajiya ce kawai. "Amma da ka bari na ji tun ina da gwiwa. Da na san inda zan gina gidana. Shekara talatin kana zagina ina jin daɗi, ina cewa ai ɗan gida aka yi ma haka. Su kuma suna bayanka suna dariya, ashe kai wasa kaka yi, su ko ba wasa suka yi ba. Ni kaɗai cikin masallacin ga ban san mi aka yi ma dariya ba."

Maman Sani ya buɗe baki. Na san shi, na ga yana laluben wata maganar da za ta sa a yi dariya a wuce wurin, ta zogale ko ta bauta. Bai samu ba. Ya rufe bakin, ya share zufa da hannun riga.

Alfa ya sa ɗaya takalmin. Dakalin masallacinmu gajere ne, kuma mai irin ciwonsa ba ya tashi daga kai sai an kama shi. Maman Sani ya miƙa hannu, shi ya fi kusa. Ni ma na miƙa nawa, hannun mutumin da ya yi shiru ɗazu saboda rumfar goro.

Alfa ya dubi hannuwan biyu, ya kama nawa.