Inuwar Surayya a Cikin Ruwa

A duniyar da Mutawakkil ya gina cikin wayarsa, rana ba ta gaggawar faɗuwa. Takan tsaya a bakin ruwa jajawur, kamar baƙuwar da ta miƙe za ta tafi amma hira ta riƙe ta. Wasan waya ne, irin wanda ake ba mutum fili ya gina abin da ransa ke so, shi kuwa madatsar ruwan Zobe ransa ya so. Ya haƙa tafki mai faɗi, ya jera duwatsu a gefe, ya shuka albasa da tumatir a gaɓa kamar na masu noman rani, sannan ya sassaƙa kwale-kwale. Sai dai a tasa Zoben babu sauro, babu kuma mai tsare ka ya ce ɗan gidan wa ne kai.

Can yake haɗuwa da Surayya. Shi yana Dutsin-Ma, a kan dakalin ƙofar gidansu inda sabis ya fi kamawa, ita kuma tana Kurfi, a ɗakin mahaifiyarta. A wani biki a Birchi suka fara ganin juna, kuma tun ranar zuciyarsa ba ta dawo gida tare da shi ba. Kullum bayan la'asar sai ta shigo wasan. 'Yar tsanar da ke wakiltarta tana yafe da mayafi ruwan hoda, sak wanda ta yafa ranar bikin, sunanta na lilo a saman kanta. Su shiga kwale-kwale, ya yi ta tuƙi ba inda za su.

"Malam direba, ina za ka kai ni yau?" takan rubuto.

"Inda ba a kiran mutum wanke-wanke."

"To ƙara wuta, na ji takun Inna."

Wata yamma sararin wasan ya yi wani irin kyau da bai taɓa yi ba. Gajimare ya rine, balbelu suka gitta, ruwan ya kwanta luf kamar madubi. Mutawakkil ya danna, ya ɗauki hoton fuskar wayar. Da ya duba, ga shi ga ita, iska ta ɗaga gefen mayafinta ya kusa taɓa kafaɗarsa.

Akwai guruf ɗin da matasan Dutsin-Ma da Kurfi masu wannan wasa ke baje hotunan gine-ginensu ranar Juma'a, kuma ya ƙagu duniya ta ga wannan. Amma ga sunanta ɓaro-ɓaro a sama, ga Mas'ud yayanta a cikin guruf ɗin. Har yanzu kuwa babu wani babba daga gidansu Mutawakkil da ya taka Kurfi da maganarta. A ga budurwa zaune da saurayi su biyu a tsakiyar ruwa, ko da ruwan na waya ne, kafin manya su san da zancen? Ya san bakin mutane.

Ya nuna wa abokinsa Khalil.

"Kai ma dai Majnunin banza ne," in ji Khalil yana dariya. "Goge ta mana! Wa ke ɗora hoto bai gyara ba? Ni ko akurkin kaji na gina sai na ƙara masa kala. Share ta, ka bar ruwanka da ranarka, a yaba maka, kowa ya huta."

Haka ya yi. Ya sa ɗan yatsa ya bi ta kan sunan, ya bi ta kan mayafin, ya bi ta kan 'yar fuskar, manhajar tana cike gurbin da ruwa da sararin sama kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Ya ce wa kansa ai mutuncinta yake karewa. Ya ɗora.

Yabo ya yi ta zuba. Sai can Mas'ud ya rubuto: "Gini ya yi, malam. Amma aljanar da ke cikin ruwan fa? Kamar na san mayafin nan."

Mutawakkil ya buɗe hoton. A ƙarƙashin kwale-kwalen, cikin ruwan da ya kwanta kamar madubi, ga inuwarta nan zaune kusa da tasa, ruwan hoda, ba abin da ya same ta. Saman kawai ya goge, ya manta da ƙasan.

La'asar ta yi, Surayya ba ta shigo ba. Washegari ma haka. Ya riƙa shiga shi kaɗai yana zaga tafkin, rana na tsaye inda ya bar ta, albasa na girma ba mai cewa ta yi kyau. Bai taɓa sanin shirun wasa yana da ƙara haka ba.

Da saƙonta ya zo, gajere ne.

"Yaya ya nuna min. Ba faɗansa ne ya dame ni ba. Na ga yadda Zobenka take in babu ni. Ta yi kyau kuwa."

"Wallahi don in kare ki na yi, Surayya."

"Da ka tambaye ni."

Sai ta turo wani hoto. Yammar nan ce dai, ashe ita ma ta ɗauka daga nata ɓangaren. Ya ɗan karkace, alamar caji ta yi ja a kusurwa, ga saƙon wata ƙawarta ya rufe rabin ranar. Amma su biyun suna nan, sama da ƙasa. Ta rubuta: "Ni ban goge ka ba, ban kuma nuna wa kowa ba. Ajiyewa na yi."

Ya daɗe yana kallon hoton nan marar gyara har idonsa ya ciko.

A haka Gogo Kande, yayar mahaifinsa, ta same shi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Kai kuma mi ya same ka kake ta jan hanci kamar mai mura?"

Ya durƙusa ya miƙa mata wayar, ya nuna mata wanda ya ɗora. Ta nisanta shi daga idonta, ta ƙanƙance su.

"Innalillahi! Wannan ɗiyar ta cikin ruwa, nutsewa ta yi?"

"A'a Gogo, wasa ne. A cikin jirgin take, ni na goge ta."

"Ka goge ɗiyar mutane? Da mi ta yi maka?"

Ya kwashe komai ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Gogo ta yi dariya har gyaɗar cinyarta ta zube.

"Ɗan nema! Ka iya haƙa tafki a cikin waya, amma ba ka iya buɗe baki a gidanku ba? Ai ba yarinyar ce ta yi yawa a hoton ba, kai ne ba ka kai manyanka ba. Baffanka Rabo shina nan, ƙafarshi lafiya lau. Kurfi kuma ba bayan duniya take ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya fara cire hoton daga guruf. Sannan ya wanke fuska, ya sa hula, ya nufi zauren Baffa Rabo, inda ya yi ta in-ina har dattijon ya tausaya masa ya ƙarasa masa zancen.

Ranar da manya suka ɗauki goro suka nufi Kurfi, Mutawakkil bai iya cin abinci ba. Ana sallame la'asar ya hau dakali, ya buɗe wasan, ya zauna a kwale-kwale bai taɓa filafili ba. Balbelu suka gitta. Suka sake gittawa.

Sai wani suna ya bayyana a gaɓa, yana lilo a kan mayafi ruwan hoda.

"Malam direba, gidanmu ya cika da manyan riguna, an koro ni ɗaki. Yaya Mas'ud ne ma ke zuba musu ruwa, yana ta cin magani."

"Ki yafe min, Surayya."

"Matso da jirgin tukuna."

Ya matso, ta shigo ta zauna a wurinta.

"Hoton na asali yana nan?" ta tambaya.

"Yana nan. Ban taɓa shi ba."

"To kar ka ƙara masa ko ɗigon kala. In an sa rana ka ɗora shi, da sunana da komai."

Ya tsoma filafili a hankali don kada ruwan ya motsa da yawa. A ƙarƙashinsu inuwa biyu suka ɗan girgiza, suka koma suka zauna.