Kawunnan da Ba a Ƙirga Ba

Isiyaku ya buga ƙofar gidan yayarsa a unguwar Malaz da tafin hannu. Motar kafilinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, tana ƙasa a karkace, taya ɗaya bisa dakali, abin da bai taɓa yi ba a shekara shida da ya yi yana tuƙi a Riyad.

Sabuwa ta buɗe, ludayi a hannu. "Yau kuma ko sallama babu?"

"Kawu Harouna. Me ya makantar da shi?"

Ta juya ta koma kicin. Ya bi ta, ya dire ledar magani a tebur har kwalaben suka yi ƙara.

Wata huɗu ke nan da tsakiyar idonsa na hagu ya dushe, kamar an dangwala man shafawa a gilashi. Likitan farko ya tambaye shi ko akwai makaho a danginsa. Isiyaku ya ƙirga yadda kowa ke ƙirga dangi: Baba, baffanni biyar, kaka da ya rasu yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Ya ce babu. Aka ce kumburin jijiya ne, aka yi ta dirka masa allura, shi kuma ya ci gaba da zuƙar kwali biyu na sigari a rana. Da idon dama ya soma, wata likita 'yar Sudan ta aika jininsa waje. Yau da safe sakamakon ya dawo.

"Likitar ba ta yi tambaya kan Baba ba ko sau ɗaya," ya ce. "Cewa ta yi in lissafa mata 'yan'uwan Inna maza, ta ba ni takarda in cike. Na tsaya kamar dolo. Sai na tuna wani tsoho da aka kawo Kano daga Maraɗi ina yaro, ana jan sandarsa."

"Ba tsoho ba ne. Shekararsa talatin." Sabuwa ta rage wutar gas. "Su biyu ne, da Kawu Issoufou. Inna ta ce sammu aka yi musu kan gona."

"Sammu! Kin sani ke nan?"

"Ta sa ni rantsuwa. Da dangin Baba sun ji, gidan makafi za su kira mu. Wa zai aure ni?"

"To, kin auru, Yaya. Barka. Wata huɗu ina zuwa gidan nan ina lalubar kofi, kina cewa in sa kwalli da zamzam."

Ya zaro kwalba ɗaya ya girgiza a gabanta. Likitar ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan murhu da ke samar da ƙarfi, mitokondiriya sunansu. Nasa suna da tangarɗa, suna fitar da guba mai cin jijiyar ido yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Waɗannan ƙwayoyin aikinsu kwashe gubar. Hayaƙin sigari kuwa rura ta yake yi.

"Za su dawo da idon?"

"Ba ta yi alkawari ba. Ta ce mai yiwuwa su tsare abin da ya rage. Na ce da an fara tun wata huɗu fa? Ta ce Allah ne masani. A iƙamata, takardar zamana, direba aka rubuta, Yaya. Direba! Ran da kafili ya gane, shi ke nan, sai filin jirgi."

"A haka ka tuƙo nan?"

"Da gefen ido."

Ta zauna a kujerar roba. "'Ya'yanka su Yusra fa? Su ma zai kama su?"

Isiyaku ya yi niyyar faɗa mata da zafi. Tun daga asibiti yake wasa maganar a ransa. Da ta zo bakinsa sai ta fito a sanyaye.

"'Ya'yana sun tsira. Namiji ba ya ba da shi. Ta mace yake bi. Inna ta ba mu, ni a kaina ya tsaya." Ya ajiye kwalbar. "Maza ya fi kamawa, daga sha takwas zuwa talatin."

Sabuwa ta dubi ƙofar ɗakin da ke ƙarshen baranda. Babban ɗanta Amir yana jami'a, sai la'asar zai dawo. Shekararsa sha tara.

Miya ta soma kamawa. Ba wanda ya kula. Ta tashi ta shiga ɗakin Amir, ya ji ta ɗaga katifa ba tare da ta yi wani bincike ba. Ta fito da kwalin sigari da ashana, ta ajiye kusa da maganin, ta miƙa masa hannu. Ya ciro nasa kwalin ya ba ta.

Hannun bai sauka ba.

Ya daɗe yana kallon inda fuskarta ya kamata ta kasance. Sannan ya sa mata makullin motar a hannu.

"Ina takardar da likitar ta ce a cike?" ta ce. "Su tara ne a ɗakin su Inna. Zauna, ni zan rubuta."