Yoyon Lagireto a Bakin Wutar Daji

Da Alkasim ya bi hanyar kowa da babu labari. Amma ina, mutumin naka ya ce yanke ya fi sauri, ya karya akori-kurarsa cikin makiyayar da ke tsakanin Mallawa da Dungas, inda ciyawa ta bushe ƙayau har ƙugu. A gefensa mahaifiyarsa ce, Inna Ƙande, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta shekara biyu ke nan. Daga wurin mai magani suke. Ta rungume bidon jiƙon da aka ba ta, lita biyar, wanda aka ce in ta shanye shi za ta taka.

Rana na tsaka sai allurar zafin inji ta haye ja. Kafin ya ce wani abu tururi ya turnuƙe daga gaba. Ya kashe mota ya dira yana tsaki.

"Kai, ba ka jin ƙauri?" in ji Inna daga ciki.

"Injin ne, Inna."

"Ƙaurin ciyawa nake ji."

Ya waiga gabas. Hayaƙi ne baƙi ƙirin ya tokare sama, shirwa na shawagi a kansa, iska kuwa tana turo shi kansu kai tsaye. Wutar daji! Wanda bai taɓa ganin gudunta a busasshiyar karangiya ba, ya yi shiru kawai. Shi kaɗai zai iya tsira da ƙafa. Da tsohuwa a goye, cikin wannan rairayi, ko rabin hanya ba za su kai ba. Tsoro ya kama shi.

Ya ɗaga murfin inji, tururi ya hana shi ganin komai. Ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashi, ƙaya na sukar bayansa. Ga rairayi a jiƙe, amma daga ina? Ya shafa gindin lagireto, a bushe. Ya bi tiyon sama da yatsa, lafiya lau, sai ƙuna. Yana innalillahi yana lalube, har ɗigo mai zafi ya sauka masa a kunci. Tiyon ƙasa ne. Wani kututturen sabara ya tsaga shi, tsagar ba ta wuce gaɓar yatsa ba, amma ta shanye ruwan motar kaf.

Ya fizgo robar taya da yake ɗaure kaya da ita, ya ja ta, ya naɗa, ta suɓuce. Ya sake. Yanzu har ƙarar wutar yake ji, ƙas-ƙas-ƙas, toka na sauka a ƙafafunsa. Wani zomo ya gifta ta gefen kansa ko kallonsa bai yi ba. A karo na uku robar ta kama, ya ƙulle ta da haƙori.

Saura ruwa. Ko ɗan koyon gareji ya san ba a buɗe bakin lagireto da zafi, sai an jira ya huce. To wa zai ce wa wuta ta jira? Ya tuɓe riga ya naɗe hannun dama.

"Alkasim!"

Ya daskare. Shi ɗan fari ne, tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kunya ba ta bari. Shekara arba'in da ɗoriya daga "kai" sai "wannan".

"Alkasim, ka gudu. Ni na ci zamanina. Kana da 'ya'ya. Umarni nake ba ka."

Ya kama murfin lagireto. Ya kawar da fuska ya murɗa. Tururi ya fashe, ya ratsa rigar kamar babu ita, ya yi ƙara irin wadda bai san yana da ita ba. Da hannun hagu ya juye butar alwalarsa a ciki. Wayyo, ko maƙogwaron lagireton ba ta jiƙa ba. Babu rijiya, babu wani ruwa, sai hayaƙi da ya fara sa shi tari.

Sai ya ga bidon jiƙon ya leƙo ta taga, Inna ta tallabo shi da hannu biyu.

"Tunda ka zama mai taurin kai, ungo."

"Inna, maganinki..."

"Gawa za ta sha? Zuba!"

Ya murɗa lakile, makullin motar, injin ya yi tari ya tashi. Ya tsiyaya jiƙon a hankali don kar ƙarfen ya tsage, ja kamar shayi, ɗacin saiwa na tashi da tururin. Ya leƙa ƙasa: ɗis... ɗis... amma robar ta riƙe. Ya rufe, ya faɗa ciki ya taka.

Mota na tsalle a kan kunyoyin rairayi, idonsa ɗaya a allura, ɗaya a madubi, inda jan harshen wuta ya riga ya cinye wurin da suka tsaya. Inna ba ta fasa hailala ba. Allura ta hau, ta hau, ta tsaya dab da ja. Da haka suka faɗa gonakin da aka girbe aka kwashe kara, fili fetal, babu abin da wuta za ta ci. Can nesa ga mutanen ƙauye suna gudu da rassan bedi za su tare ta.

Ya tsaya. Sai a lokacin ya dubi hannunsa, fata ta saluɓe daga wuyan hannu har yatsu. Inna ta jawo hannun kan cinyarta, ta rasa inda za ta taɓa, sai hura masa iska take yi da baki, hawaye na bin kuncinta.

"Na ce ka tafi, ka ƙi," ta ce.

"Na ƙi, Inna. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba," in ji ta, tana ƙara riƙe hannun.