Tayoyin da Ke Kawo Troels Gida

Idan mutum ya faɗi gaskiya tsantsa, amma ya faɗe ta ne don ya lulluɓe wata gaskiyar da ita, me za a kira shi, mai gaskiya ko maƙaryaci? Verner Krogh ya shafe kaka guda yana juya wannan tambaya, kuma har yau babu wanda ya warware ta.

Verner tsohon ma'aikacin tashar jiragen kamun kifi ne. Yana zaune shi kaɗai a gidan ƙarshe na wani ƙauye kusa da Lemvig, inda iskar teku ta tanƙwara bishiyoyi duk suka sunkuya gabas. Matarsa Bodil ta rasu shekarun baya, ta bar masa tukwanen furanni da bai san sunayensu ba, da wata 'yar ƙaramar mota ja wadda ita ta zaɓa. Ɗansu guda ne, Troels, malamin makaranta a birnin Aarhus da ke nesa ta gabas, yana can da matarsa da 'yarsa Liva. Sau biyu a shekara yake zuwa gida. Ƙarshen kaka ya zo ya cire wa motar tayoyin rani ya ɗaura na hunturu, bayan bikin Ista ya dawo ya mayar. Kirsimeti a gidan surukansa yake yi, sai dai waya.

Ba rashin ƙauna ba ne. A wannan yanki namiji ba ya taka gidan wani haka siddan. Ko kewa ce ta taso shi, sai ya riƙo wani abu a hannu: tsanin da ya ara, ko gudumar da zai mayar. A tsaya a bakin sito a yi zancen iska da farashin kifi, sannan a ce, "To, tunda ka zo, ka sha kofi." Haka uban Verner ya yi, haka Verner ya tashi ya gani. Tayoyin nan huɗu su ne tsanin da ke kawo Troels.

A da ranar canjin taya kamar ƙaramin biki ce. Bodil ta fito da fulas ɗin kofi da kek ɗin tuffa ta ajiye a kan bangon lambu, ta durƙusa da alli tana rubuta wa kowace taya mazauninta a gefen ciki, gaba-hagu, baya-dama, don kada a rikita su baɗi. Kuma a lokacin hunturu hunturu ne. Akwai shekarar da dusar ƙanƙara ta kai tagar kicin, Verner ya haƙa hanya da shebur har bakin titi, motar madara ta kwana uku ba ta shigo ƙauyen ba. Yanzu kuwa sai ruwa da laka da iska, sama ta yi toka-toka daga Nuwamba har Maris.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen Oktoba Troels ya iso da hantsi. Suka gaisa da hannu, Verner ya tambayi hanya, Troels ya ce hanya lafiya. Ya shiga sito ya mirgino tayoyin hunturun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana shafa su da babban yatsa.

"Baba, waɗannan sun gama aiki. Dubi yadda robar ta tsattsage."

"Za su ƙara shekara."

"Ko mako ba zan bari ka hau su ba." Ya miƙe a hankali. "Ka ga, yanzu akwai tayar duk-shekara. A ɗaura sau ɗaya, rani da hunturu, shi ke nan. Ba cirewa, ba ajiya a sito."

Verner ya maimaita maganar a ransa. Ba cirewa. Ya dubi motar, ya dubi ɗansa, sai ya ji bakinsa na cewa, "Abin da ya ce zai yi aiki biyu, ko ɗaya ba ya yi da kyau. Ka taka birki a kan ƙanƙara ka gani. Ta hunturu ta fi tsayawa, kowa ya san haka."

"Ta fi, ban musa ba. Amma ina ƙanƙarar?"

"Tambaye shi dai, Troels!" Ebbe ne, maƙwabcinsu, tsohon direban motar madara, ya jingina da shinge yana cin tuffa. "Wannan tsohon, ƙanƙarar zamanin kakansa yake jira. Bara da ta sauka, kafin ya gama neman safar hannu ta narke."

"Kai da ka kifar da motar madara a rami za ka koya min taya?"

"Saniya ce ta shigo min hanya!"

"Saniyar da babu wanda ya gani sai kai."

"Ni dai tun bara waccan nake kan duk-shekara," in ji Ebbe, "kuma ga ni da raina."

"Ai mugu ba ya mutuwa da wuri."

Troels ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun isowarsa. Verner ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi maza ya shige. Ya ce za a kai tsofaffin tayoyin garejin bakanikiya Jytte ta ɗora sababbi na hunturu a kan wilin, Troels kuma ya dawo Asabar mai zuwa ya ɗaura. Har da ribar zuwa guda ke nan. Troels ya ce to. Ya buɗe but ɗin motar, ya sunkuya ya ɗaga taya ta farko.

Bai kai ta but ɗin ba. Ya tsaya cak a sunkuye, fuskarsa ta yi fari fat, tayar ta suɓuce ta gangara ta faɗa cikin furannin Bodil.

Verner da Ebbe suka kama shi, kowa da kafaɗa guda, suka kai shi kicin. Ya ce kada a sa shi a kujera, a kwantar da shi a ƙasa. Ya kwanta rigingine a kan daɓe, ya ɗora ƙafafu a kan kujera, kamar wanda ya saba. Ebbe ya ga maganar ta cikin gida ce, ya ce ya bar tukunya a wuta, ya fice.

"Tun yaushe?" in ji Verner.

"An yi min aiki a gadon baya cikin rani. Likita ya ce kada in ɗaga abin da ya fi jakar makaranta."

"Cikin rani ka bugo waya ka ce duk kuna lafiya."

"Kai ma ranar da ka faɗo daga tsani ka ce kana lafiya. A bakin Ebbe na ji."

"To me ya hana ka faɗa yau?"

Troels ya juyo da kai daga ƙasa ya dube shi. "Wa ya koya min faɗa, Baba?"

Verner ya juya ya ɗora ruwan kofi, ko da yake akwai kofi a fulas. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya yanka baƙin burodi, ya shafa man shanu, ya ɗora kifi, ya ajiye farantin a ƙasa kusa da kan ɗansa. Ya rasa inda zai zauna, ganin bai dace ya hau kujera yana kallon mutum daga sama ba, sai ya ci nasa a tsaye.

"Ka zo Aarhus mana," in ji Troels yana kallon silin. "Liva tana tambayarka. Akwai ɗaki."

"Akwai abin da ya lalace a gidanku ne?"

"Babu."

"To me zan je yi? In zauna muku a falo kamar tukunyar fure? Ba na zuwa gidan mutane ba dalili."

"Mutane," in ji Troels. Bai ƙara ba.

Da la'asar ciwon bayan ya saki Troels, ya haɗiyi ƙwayoyinsa ya shiga motarsa. Kafin ya ja ya sauke gilashi ya ce, "In na hunturun kake so, ka saya. Zan zo Asabar. Zan nemi yadda zan yi."

Da ma ya ƙi, da abin ya zo wa Verner da sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya Verner ya yi ta shiga sito ba aikin komai. Ya mirgina tayoyin ya jera su, ya duba gefen ciki. Rubutun allin yana nan. Ba na Bodil ba ne kuma, Troels ne ke bin sawunsa kowace shekara, amma har lanƙwasar haruffan tata ce. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki yana yi wa kansa shari'a. Ƙarya dai bai yi ba. Tayar hunturu ta fi riƙe ƙanƙara, duk wanda ya taɓa sitiyari zai shaida. Amma da a ce duk-shekarar ce ke kawo Troels gida, ya san da bakin nan nasa zai tsaya ya kare ta, ya ce zamani ya canja. To gaskiyar da za ta iya komawa kowane ɓangare, gaskiya ce ko sanda? Wani lokacin kuma sai zuciyarsa ta juya. Shi ma Troels ɗin, da ya kawo zancen duk-shekara, bayansa yake ji ko hanyar ce ta ishe shi? In an cire tayoyin daga tsakaninsu, me zai rage? Waya ranar Kirsimeti.

Ranar Laraba da safe ya cusa tayoyin a mota, biyu a but, biyu a kujerar baya, ya nufi gareji. Jytte ta gaji wurin daga ubanta, kuma ta san motar tun tana sabuwa. Ta fito tana goge hannu da tsumma.

"Verner, ka kawo min kayan tarihi ne?"

"Sababbi nake so. Ke a ganinki wanne ya fi, na hunturu ko wannan na 'yan zamani?"

"Ina kake zuwa da motar?"

"Kanti. Likita. Maƙabarta."

"Ranar da titi ya daskare fa?"

"In zauna a gida. Bodil ba ta gaggawa."

"To ai ka ba kanka amsa."

"Amma na hunturu sun fi tsayawa in an taka birki," in ji Verner, yana miƙa mata maganar kamar mai miƙa wa kifi ƙugiya. So yake ta ce lallai na hunturu, ya koma gida da hukuncin da ba shi ya yanke ba.

"Sun fi," in ji Jytte. "A kan ƙanƙara babu kamarsu. A kan jiƙaƙƙen titi irin namu, duk-shekara ta ishi 'yar motar nan. Duka ina da su, duka zan sayar maka in yi barcina. Ni taya nake sayarwa, Verner, ba na zaɓar wa mutum."

Ya tsaya yana kallon jerin tayoyi a bango. Warin sabuwar roba ya cika wurin. Ya tuna yadda Troels ya ɗora ƙafafu a kujera ba tare da ya nemi yadda ake yi ba.

"Sa duk-shekarar," ya ce.

"Tsofaffin fa?"

"Ki riƙe."

Ya zauna a benci ya sha kofin gareji mai ɗaci har aka gama. Da Jytte ta miƙa masa makulli ta ce, "In ka ɗan yi tafiya da su, a sake ɗaure notocin. Sabon ɗauri yakan saki. Ka dawo nan, ko ka sa wani ya duba maka."

Ko ka sa wani ya duba maka. Verner ya fito da maganar a hannu kamar wanda ya tsinci kuɗi a titi. Ga dalili, halal ɗinsa, daga bakin bakanikiya. A mararraba, maimakon ya karya hagu zuwa gida, sai ya miƙe gabas. Motar tana tafiya shiru, ba ta kukan da tsofaffin tayoyin ke yi. Gonaki suka yi ta wucewa, an girbe, an bar ƙasa baƙa da tsuntsayen teku a kai. Yana tuƙi yana shirya yadda zai faɗa: Jytte ce ta ce a duba notoci, na ga ina kusa.

Bayan ya wuce Holstebro sai ya hango abin da zai biyo baya. Troels zai ce to, ya ɗauko sifana, ya durƙusa a bakin titi da wannan bayan nasa, ba zai ce uffan ba.

Verner ya ratse a wani wurin tsayawa a gefen hanya. Ya fito cikin yayyafi, ya ciro wil-sifana, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinsa na ƙara, manyan motoci na watsa masa ruwa. Noti biyu ne suka ɗan motsa. Ya mayar da sifanar, ya shiga mota, ya daɗe zaune da hannu a kan sitiyari. Gida na bayansa, kuma ya fi kusa.

Ya sa sigina ya hau titi, ya ci gaba gabas.

Aarhus ta rikita shi. Ya ɓata sau biyu, wani mai keke ya zage shi, ya ajiye motar a karkace nesa da gidan ya ƙarasa da ƙafa. Hannunsa babu komai, ya rasa yadda zai yi da su, ya zuba su a aljihu, ya fiddo ɗaya ya danna ƙararrawa.

Troels ne ya buɗe, da tsumman goge kwano a kafaɗa. Ya yi turus.

"Baba? Me ya faru? Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau."

"To wani abu ne a gida? Ebbe?"

"Ebbe ma yana nan da bakinsa."

"To me ya kawo ka?"

"Babu komai," in ji Verner.

Ya goge takalmansa a kan tabarmar ƙofa, ya sake gogewa, sannan ya shiga.